Kafin ka kai keken wurin mai walda

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Injiniya. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na karatun injiniya a nan Sakkwato. Aikin kammala karatuna shi ne in ƙera na'urar tsabtace ruwan sha wadda ba ta buƙatar lantarki ko fetur, sai ƙarfin mutum, kuma a iya ɗaukarta zuwa ƙauyukan bakin Gulbin Rima, musamman lokacin ambaliya. Tunanina in haɗa keke da famfo da injin RO irin na 'yan fiya wata, in sa dainamo ya kunna fitilar nan mai kashe ƙwayoyin cuta. Har na sayi tsohon keke. Ina neman shawararku kan wanga aiki kafin in kai shi wurin mai walda.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi wa karatu albarka. Jingine keken nan tukuna, kada kowa ya sa masa wuta. Ka fara aikin daga wutsiya ne: ka zaɓi inji kafin ka san ruwan da zai sha. Ban ga laifinka ba, don ni ma ta nan na bi, na kuwa sha kunya. Shekarun baya na haɗa famfon hannu da mataci mai tsada, na gwada da ruwan famfon gidana, yana zuba gwanin sha'awa. A watan Agusta muka ɗauke shi zuwa wani ƙauye a fadama, mai gari da jama'arsa suka kewaye mu, aka zura tiyo cikin gulbi. Ba mu cika jarka uku ba hannun famfon ya ƙage, laka ta toshe komai. Ina tsugune ina kwance kusoshi, sai wata tsohuwa ta sa jikarta ta kawo mini ruwa a ƙwarya, garau da shi. Daga gulbin nan ta ɗebo, ta jefa ɗan alam tun da hantsi, ta bar shi ya kwanta. Tun ranar nan ban sake zana na'ura ba sai na fara zana inda laka za ta tsaya.

Mu fara da lissafin ƙarfi, shi zai yanke maka rabin gardamar. Lafiyayyen mutum wanda ba ɗan tsere ba, in yana taka feda, zai riƙe wat 50 zuwa 75 na kamar awa guda. Da hannu bai fi rabin haka ba. Wannan ma a inuwa ne, da cikinsa cike. Cikin Afrilun Sakkwato da zafi ke haura digiri 40, ko ga wanda ruwa ya koro daga gidansa bai ci ya ƙoshi ba, yi lissafinka da wat 50 kurum. Bai kai ƙarfin tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 ba. Jarinka ke nan gaba ɗaya, saura ka ga abin da zai saya maka.

Ɗauki sansanin mutum 300, kowa lita 5 a rana na sha da girki. Lita 1,500 ke nan, jarka 60 mai cin lita 25. In ka ce za ka tafasa da ƙarfin feda, kai lita ɗaya tak daga digiri 30 zuwa 100 zai ci sama da awa ɗaya da rabi. In tururi za ka mayar da ita ka tara, awa 14. Waɗannan sun fita. Sai RO ɗinka, injin da ke tura ruwa da matsi ta cikin tantani mai matsattsun ƙofofi. Ƙaramin RO na gida yana son matsi na bar 4 zuwa 6, kuma bar ɗaya da kake gani a geji daidai yake da nauyin ruwa mai tsayin mita 10. Sannan a duk kashi huɗu da ka tura, wajen uku zubar da su yake. Don ka samu lita 1,500 sai ka tura 6,000, kamar kana hawa da su ginin mita 60. In famfonka yana cinye rabin ƙarfin a gugar ƙarfe da yoyo, wanda haka famfon ƙirar gida yake, aikin kusan awa 40 ne. Yini da dare awa 24 ne. To yanzu juya lissafin: ɗaga lita 1,500 ɗin nan mita 5 kawai, uku daga gulbi zuwa gaɓa, biyu zuwa duron da ke kan dakali. Da famfon nan mai asarar rabi, da wat 50 ɗin nan, minti 50 ne. Abin da nake son ka riƙe ke nan: ƙafa ta ɗaga ruwa sau ɗaya, sauran aikin a bar wa nauyin ruwan da lokaci, su ba sa gajiya, ba sa neman abinci.

RO ma ba maganin ciwonmu ba ne. An yi shi don raba ruwa da gishirin da ya narke a ciki, shi ya sa masu jiragen teku ke ajiye na hannu don gudun tsiya, wanda babbansa bai fi ya ba ka lita 5 a awa ba. Ruwan Rima ba zartsi ne matsalarsa ba. Laka ce da kashi, na mutum da na dabba, musamman in ambaliya ta shafe masai da rijiya ta haɗe su wuri ɗaya. Wanda ya ga ta Satumbar 2010, wadda ta karya gadar hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta kuma ci ƙauyuka a wajen Goronyo, ya san ruwa ba ya ƙaranci a irin wannan lokaci, na sha ne ke ɓata. Amai da gudawa na 2021 ya kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, jihohinmu na Arewa ne kuma suka fi jin jiki.

Don haka san girman abokin gabarka. Silin gashin kai kaurinsa kamar maikiron 70 ne, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Ƙwaron ruwan da ke ɗauke da kurkunu ya kai kusan milimita ɗaya, ƙyalle ma yana tare shi, kuma da matacin ƙyalle da ɗan bututun zuƙa aka yi babban ɓangaren yaƙin da ya sa aka tabbatar Najeriya ta rabu da kurkunu a 2013. Ƙwayoyin furotozuwa masu sa zawo, irin su Kiriftosforidiyam, maikiron 4 zuwa 6. Bakteriyar kwalara da taifot, maikiron ɗaya zuwa uku a tsawo, rabin maikiron a kauri. Bairos kuwa, na ciwon hanta mai sa shawara da na zawon jarirai, daga 0.03 zuwa 0.08. Matacin da aka rubuta 0.1 ko 0.2 a jikinsa zai tare furotozuwa da bakteriya, bairos ya wuce abinsa. Sai wanda ya sauka zuwa 0.02 ko ƙasa, wanda masu sayar da kayan ruwa ke kira UF. Kulorin kuma yana kashe bakteriya da bairos cikin rabin awa, amma Kiriftosforidiyam ba ya jin sa ko kaɗan. Ka ga kowanne yana da ɓaraka, kuma ɓarakar wannan ce ƙarfin wancan. Hikimar ita ce jera su, kada ka nemi gwarzo ɗaya.

Jerin yana farawa tun daga inda ka ɗebo. Ka tsaya sama da mashayar shanu da wurin wanki, ba ƙasa ba. Ɗaure bakin tiyo a jikin jarka marar komai mai rufe, ya rataya kamar taƙi ɗaya da rabi ƙarƙashin fuskar ruwa, kada ya kwashi tarkacen sama, kada ya tsotsi taɓon ƙasa. Naɗe shi da ragar gidan sauro sabuwa wadda ba a sa wa magani ba. In akwai rairayi a gaɓa, abin da ya fi duka shi ne abin da mutanenmu ke yi da rani: a tona rami 'yan taku kaɗan daga bakin ruwa, a bar shi ya tsattsafo. Rairayin ya yi maka rabin aikin kyauta. Rijiyar bututu ta 'yan noman rani, in ambaliya ba ta shiga bakinta ba, ta fi gulbi nesa ba kusa ba.

Sai kwantar da laka, inda zan fi daɗewa, don nan ne aikin ɗalibai ke mutuwa. Lakar damina ba rairayi ba ce da zai faɗi da kansa. Yumɓu ne mai laushin da zai kwana uku yana yawo bai sauka ba, saboda ƙwayoyinsa suna ture juna. Alam, wanda wasu ke ce wa alif, yana karya wannan turewar, su dunƙule su yi nauyi su faɗi, su kuma ja ƙwayoyin cuta masu yawa su tafi da su. Duro biyu kake buƙata masu cin lita 200, ɗaya yana kwanciya, ɗaya ana ɗiba. A narkar da alam a kofi tukuna, a zuba, a juya da ƙarfi minti ɗaya, sannan a hankali minti biyar zuwa goma, kamar ana dama kunun jinya. Juyin nan na sannu shi mutane ke tsallakewa, alhali shi ke haɗa dunƙulen. A bar shi awa ɗaya ko biyu. Famfon ɗiba ya zauna taƙi guda sama da gindin duro, a yi wata kafar a can ƙasa ta zubar da taɓo. Yawan alam ba a haddace shi, gwadawa ake yi, don ruwan Yuli daban, na Oktoba daban. Yawanci yana faɗawa tsakanin miligiram 10 da 50 a lita, wato giram 2 zuwa 10 a duro, wani lokacin fiye in ruwan ya yi kauri. Jera kwalabe biyar, ka sa wa kowace awo daban, ka ɗauki mafi ƙarancin da ya washe. In ka zarce, ruwan ya yi bauri, lakar ma ta sake tashi.

Inda babu alam, ƙwayar zogale busasshiya da aka ɓare aka daka tana yin wannan aikin, matan karkarar Sudan sun daɗe suna yi da ruwan Nilu. Kamar ƙwaya ɗaya ga lita ɗaya ko biyu. Aibinta biyu: ga lita 1,500 kullum za ka ƙarar da zogalen gari, sannan tana barin ɗan abinci a ruwan da bakteriya ke hayayyafa a kai in ya kwana, yana kuma cinye kulorin. Ta gida ce, ba ta sansani ba. Daga duro ruwan ya bi ta ƙyallen auduga mai ninki huɗu. Kada ka raina shi. A Bangaladash, binciken da Rita Colwell ta jagoranta aka buga a 2003 ya nuna tsohon zanen mata mai ninki huɗu, shi kaɗai, ya rage kwalara kusan rabi a ƙauyukan da suka riƙe shi.

Yanzu ne famfonka zai ɗaga wannan ruwan da ya washe zuwa duron sama, mita ɗaya da rabi zuwa biyu, ya gangaro ta cikin UF. In ka fasa guda za ka ga dubban zarurruka ne masu rami a ciki, kamar siririyar taliya, ruwa na ratsa jikinsu. Wanda ake sayar wa 'yan fiya wata tsawonsa kamar mita ɗaya, kaurinsa inci 4. Lambar da za ka nema a takardarsa ita ce faɗin tantanin, wato jimillar jikin zarurrukan nan, murabba'in mita nawa. Kada ka yarda da litar da kamfani ya rubuta, da ruwa mai tsabta da matsi mai yawa aka auna. Da nauyin ruwa kawai, in ba a wanke shi, yakan sauka ya daidaita a wajen lita 5 a awa ga kowane murabba'in mita, ya tsaya nan watanni bai toshe ɗungurum ba. Akwai wata na'urar goyo da aka ƙera a Jami'ar Kassel ta Jamus don wuraren bala'i, ana ce mata PAUL, nauyinta kilo 20 da 'yan kai, tantaninta murabba'in mita 10, tana ba da lita 1,200 a yini da dare, ba famfo ba lantarki, da bokiti ake zuba mata. Yi lissafin ka gani, lita 5 ɗin nan ce. Kai da ka kwantar da laka, kuma za ka riƙa wankin baya, za ka iya samun fiye da haka, amma auna da kanka. In tantaninka na ba da lita 50 a awa, duron sama zai yi awa huɗu kafin ya ƙare, cika shi kuma, in an lissafa tun daga gulbi, aikin minti bakwai ne. Daga asuba zuwa isha lita 800. Don ka kai 1,500, ko ka jera biyu, ko ka ƙara tsayin dakali.

Wankin baya shi ne a tura ruwa mai tsabta ta bakin fita, ya ratso zaren a juye ya ɓamɓare dauɗar. A nan ƙarfin ƙafa ke da rana ta biyu, kuma a nan yake da haɗari. Matashi in ya ji famfo ya yi tauri ƙara dannawa yake, zaren ya tsinke. Zare ɗaya in ya tsinke, ruwa zai ci gaba da fita garau a ido, da cutarsa. Saboda haka sa bawul mai sakin matsi da kansa, ka saita shi ƙasa da iyakar da mai ƙirar ya rubuta, ka kulle saitin yadda ba mai taɓawa. Kada ka dogara da gargaɗin baki.

Ƙarshen jerin kulorin ne, a cikin jarka. Ka san dalili? UF ya gama nasa a bakin famfo. Daga nan ruwan zai shiga jarkar da aka ɗebi gulbi da ita jiya, ya koma randa, yara su tsoma moɗa da hannu har wuyan hannu. Kulorin ne kaɗai ke raka ruwa har gida. Samu garin kulorin mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, ka narkar da giram 15 a lita ɗaya, ka ajiye a baƙar roba a inuwa, ka riƙa sabuntawa duk mako ko biyu, don zafinmu yana kashe shi. Daga wannan, mililita 5 a jarkar lita 25 mafari ne mai kyau. Sirinji marar allura ya isa awo. Gwada jarka huɗu da awo huɗu, bayan minti 30 ka auna da ƙwayar gwaji mai rina ruwa ja-ja, ka ɗauki wadda ta bar miligiram 0.5 a lita. In ka cika shi da yawa wari zai kore su, su koma gulbi, ka yi aikin baban giwa. Aquatabs ko WaterGuard, kulorin da ake sayarwa a shirye, suna yin wannan aikin in an bi abin da ke jikin kwali. Wani kuskure da nake yawan gani: a sa gawayin tacewa bayan kulorin don gyara ɗanɗano. Gawayin cinye kulorin yake yi. In za ka sa, ya zo kafin. Gawayin murhu kuma ba shi ne wanda aka sarrafa don tacewa ba, ko da ka daka shi.

Fitilar da ka ambata ba ƙarfi ne matsalarta ba. Ashok Gadgil, wani masani ɗan asalin Indiya a Amurka, ya ƙera wata a shekarun 1990 mai tsabtace lita 15 a minti da wat 60 kacal. Matsalar dainamo ce. Mai feda ya sassauta, haske ya dushe, ruwa bai fasa wucewa ba, ba kuma wanda zai gani. Ƙwayar cuta tana fakewa a inuwar laka. Ƙasarmu kuma mai farar ƙasa ce, ita ake haƙa a Kalambaina a yi siminti, ruwan rijiyoyi da yawa yana barin farin ɓawo a buta, haka zai bari a gilashin fitilar. Ga fashewa a hanya, ga ba ta raka ruwa gida. In har sai ka sa, sai da batir a tsakani, in kuwa batir ya shigo, ƙaramin faifan sola ya fi cinyar mutum arha a garin da rana ba ta rowa. Leƙa Cibiyar Binciken Makamashi da ke jami'a, wannan gonarsu ce.

To, keke ko me? Turawa da Japanawa sun riga ka. A 2008 kamfanin IDEO na Amurka ya ci gasa da wani keke mai ƙafa uku, Aquaduct, mai tace ruwa yana tafiya. Hotunansa sun zaga duniya, amma samfuri ne, bai zama kayan kasuwa ba. Wani kamfanin Japan ya yi Cycloclean, yana aiki sosai, sai dai kuɗinsa dubban daloli. Sai PlayPump a kudancin Afirka, lilon yara mai jawo ruwa, wanda aka zuba wa miliyoyin daloli daga 2006, ƙarshe aka tarar mata ne ke tura shi da hannu in yara sun gaji. Duk sun burge masu kallo, ba su tambayi wanda zai yi aikin ba. Kai tambaya. A ƙauyukanmu wa ke ɗibar ruwa? Yara, 'yan mata, tsofaffin mata, sai 'yan ga-ruwa. Matar aure da zane da hijabi ba za ta hau sirdin keke a bainar jama'a ba, kai ma ka sani. Sarƙa tana cin gefen zane. Kuma keke mai tafiya, ranar kasuwar Achida ko Illela wani zai ara, na'urarka ta kwana ba inji.

Ni famfon taku zan zaɓa, mai katako biyu da ake takawa kamar ana hawa matakala. A Bangaladash aka fara shi wajen 1980, ya bazu zuwa Kenya da Nijar, inda masu walda suka riƙa ƙera shi don lambu. Nauyin jiki ke aiki, ba sai an koya ba, yaro da tsohuwa duk suna iyawa, ana iya sa masa sandar dafawa. Silinda biyu ne, ɗaya na tsotsa ɗaya na turawa, ruwa bai cika yankewa ba. Nemi irin mai turawa sama, ba mai zubarwa a kwata kawai ba. Iyakarsa ita ce iyakar duk famfo mai tsotso: iska ce ke turo ruwan, a lissafi mita 10 da ɗan ɗori, a aikace kada ka wuce 7. Rijiya mai zurfi sai guga ko famfon igiya. In malaminka ya kafe sai keke, don na san wasu suna son abin da zai yi kyau ranar kare aiki, yanke shi ya zama na zaune mai jingina, ka cire ƙafafun, ka rufe sarƙar, ka saita giya yadda mutum zai yi juyi 50 zuwa 60 a minti ba tare da nishi ba. Haɗa shi da famfo mai tantanin roba, ya fi jure ruwa mai ɗan rairayi. Ƙaramar tukunyar iska a bakin fita tana rage fizgar ruwan.

Kayan aiki: duk abin da zai lalace ya zama ana samunsa a tsohuwar kasuwa ko wurin mai gyaran keke da babur. Bawul daga tsohon tib, boris na keke, kusoshi masu girma iri ɗaya don sifana ɗaya ta wadatar. Washa ta fata a fistin tana da kyau, ga dukawa a gari, amma a ɓangaren ruwan da bai ga kulorin ba. Duro ya zama wanda aka zuba abinci ko abin sha a ciki, ban da na maganin feshi ko na mai, komai wankin da aka yi masa. Kada dalma ko bakin mai su kusanci hanyar ruwa. Tiyon ruwa mai datti da na mai tsabta su bambanta a launi da girman baki, yadda ko da gangan ba za su shiga wurin juna ba. Bututun roba fari yana ƙonewa a ranarmu ya yi ƙaras, yi masa fenti ko rumfa.

Ɗauka kuwa, manta da na'ura guda mai taya. Lokacin ambaliya taya ba ta tafiya, jirgin kwale-kwale ne, jaki, babur, ko kai. Raba ta ƙunshi uku, kowanne kada ya wuce nauyin jarka cike: famfo, mataci da bututansa a akwati mai laushin ciki, sai tiyo da kayan awo. Duro da dakali a nema a can, reshen bishiya ko amalanke ma dakali ne. Mutum biyu su iya haɗa ta cikin rabin awa ba tare da kai ba, ka kuma gwada hakan da mutanen da ba su taɓa ganinta ba, kana gefe bakinka a rufe. Ka yi tunanin mai ita tun yanzu. Kayan kowa ba na kowa ba ne. Ɗan ga-ruwa da ke samun ɗan ƙari a kan kowace jarka mai tsabta zai wanke mataci ba sai an tuna masa ba.

Akwai abin da wannan jeri ba ya cirewa, ka rubuta shi ƙarara a rahotonka: gishiri, naitiret na taki da masai, maganin feshi, da dalma in ta narke. Fadamarmu ta albasa da shinkafa tana shan taki da feshi. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce naitiret kada ya wuce miligiram 50 a lita, dalma 0.01. Gubar dalmar Zamfara ta 2010 da ta kashe yara sama da 400 ta fi shiga ta ƙura da ƙasa, amma ta isa ta sa ka yi kaffa-kaffa da duk tafkin da ake wanke dutsen zinariya a kusa. Irin wannan ruwa ba a gyara shi da feda, canja wurin ɗiba ake yi.

Gwaji shi zai raba aikinka da na ado. Ma'auni ɗaya ne a wurin Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya, NIS 554: kada a samu E. coli, bakteriyar da ke nuna kashi ya shiga ruwa, ko ɗaya a mililita 100, duhun ruwa kuma kada ya wuce 5 a ma'auninsa da ake kira NTU. Ɗebi samfur wuri huɗu: gulbi, bayan alam, bakin UF, sai randar wani gida bayan kwana ɗaya. Na huɗun nan ne zai ba ka mamaki. Ka kai ɗakin gwaji cikin ƙanƙara, cikin awa shida. Yi da ruwan Agusta, kada ka yi da na famfon makaranta kamar yadda na yi. Tura dubban litoci, kullum ka rubuta minti nawa jarka ke ɗauka kafin ta cika, kafin wanki da bayansa. Layin da zai fito a takardarka shi ne ainihin sakamakon bincikenka. Don gano tsinkakken zare, tsiyaye matacin yana jiƙe, ka hura masa iska kaɗan da famfon keke ta gefe ɗaya, kamar rabin bar, ka rufe ka zuba wa geji ido minti biyar. Jiƙaƙƙen tantani lafiyayye ba ya barin iska ta wuce. In allura ta zube da sauri, ko ka ga kumfa na jerin gwano a ɗaya gefen, akwai ɓaraka.

Abu ɗaya da ke kashe UF a ƙasarmu ba a fagen aiki ba ne, a ɗakin ajiya ne. Damina ta wuce, a jefa shi a sito mai rufin kwano, hunturu ya busar da shi, bazara ta gasa shi. Yawancinsu in sun bushe bayan an fara amfani da su ba sa komawa daidai, kuma ba sa son zafin da ya wuce digiri 40. In za a ajiye, a wanke shi, a cika shi da ruwan da aka narkar da sodiyam metabaisalfait kashi ɗaya cikin ɗari, a toshe bakunansa, a sa shi a ɗakin ƙasa kusa da randa, a riƙa sauya ruwan duk bayan 'yan watanni. Rubuta wannan da Hausa da ajami a jikin murfin akwatin, da fenti.

Makon nan ka hau keken naka, tunda har yanzu yana da ƙafafunsa, ka je bakin gulbi wajen Kwalkwalawa da kwalabe biyar da alam na ɗan kuɗi kaɗan. Ka rubuto mini awon da ya washe ruwan da mintin da ya ɗauka, daga nan sai mu zauna kan girman silinda.